Ranar da Catello Mai Walda Ya Ji Sunan Ciwonsa

Babana Catello shekara talatin da huɗu ya yi yana walda a wurin ƙera jiragen ruwa na garin Castellammare, kuma a lissafina bakunan da ya fasa sun fi jiragen da ya haɗa yawa. Gajere ne, wuya kamar turmi, hannaye duk tabon tartsatsi. Yana ɗan shekara goma sha tara ya jefa shugaban ma'aikata cikin teku don ya kira shi ɗan akuya. Ranar aurensa da Mama ya zubar wa ƙanin amarya haƙora biyu, har yau kawun namu in zai yi dariya sai ya kare baki. Lokacin yajin aiki 'yan sanda suka rotsa masa kai, aka yi masa ɗinki goma sha ɗaya, washegari ya koma da guntun rodi a hannun riga. Ni Sabatino da yayana Aniello mun san faɗin bel ɗinsa kafin mu san baƙaƙe. Ni baƙaƙen ma ban gama saninsu ba aka sallame ni daga makaranta.

Ciwon hanta tun yana yaro ya kwaso shi, a wurin wata tsohuwa mai yi wa mutanen lungunsu allurar ƙarfin jiki da sirinjin gilashi guda ɗaya, tana ɗan tsoma shi a ruwan zafi tsakanin ɗuwawu da ɗuwawu. Rabin mutanen lungun da kumburin ciki suka tafi lahira. Shi kuma ya ɗora da giyar inabin da yake matsawa da kansa a ɗakin ƙasa, yana cewa jini take ƙarawa.

Shekara biyu da rabi da suka wuce aka yi masa hoton ciki, aka ga abu a hantar. Mama ta riga shi shiga wurin likitar, ta riƙe mata riga tana kuka. A wurinmu ba a gaya wa mai ciwon. Sunan ma ba a kamawa, sai dai a ce "mummunan ciwon nan", mata su yi alamar gicciye, maza su laluba ƙarfe su taɓa don kore sharri. Wai in mutum ya ji sunan, zuciyarsa ce ke fara mutuwa, sauran jiki ya biyo baya. Likitar ta ce ita ba za ta yi masa ƙarya ba in ya tambaya. Bai tambaya ba. Ta faɗi wani dogon suna na boko, Mama ta yi caraf ta ce, "Ɗan ƙullutu ne, Catè, irin na 'yar uwata." Ya sa hannu a takardu ba tabarau.

Ƙona ƙullutun aka yi. Ana soka wata doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari, ana kallon hanyarta a allo, in bakinta ya shiga tsakiyar abin sai a kunna, ya yi zafi ya dafa shi a wurin cikin 'yan mintuna. Baba ya ji daɗin wannan aiki ƙwarai. Ya farka yana tambayar likitar yadda take yi ba ta ƙone na kusa ba. Ya ce mata, "Ashe ke ma 'yar walda ce, fararen kaya kawai suka ba ki."

Bayan shekara guda da 'yan watanni abin ya dawo, guda uku. Biyu aka ƙona. Na ukun ya lafe a jikin babbar jijiya, inda jinin da ke gudu yake kwashe zafin. Wannan ma Baba ya gane da kansa, ya ce ai ba a walda bututu ruwa na bi ta ciki. Sai aka sa masa ƙarin ruwa duk sati uku, wani magani da ba shi ke kashe abin ba, sojojin jiki yake buɗe wa ido su gane ɓarawon da ke zaune a gidansu. Mama ta ce masa bitamin ne.

A nan aka yi kuskuren. Catello ba zai hau jirgin ƙasa zuwa asibitin Napoli ya zauna awa biyu don bitamin ba. A zuwa na uku jikinsa na ƙaiƙayi, ga kasala, ya fizge allurar daga hannunsa, jini ya yi tsartuwa har bango. Ya shure ƙarfen da aka rataya ruwan. Wani ƙaton ma'aikaci ya zo riƙe shi, ya sha gwiwar hannu a maƙogwaro. Baba ya naɗe hannunsa da hankici ya dawo gida, ya ƙi komawa har sau biyu.

Likitar ta kira ni ranar Juma'a. Ta ce maganin ya fara cin abin, amma in aka bari zai kutsa cikin jijiyar, daga nan kuma ba ta da sauran dabara. Ta ce ya zo Talata.

Na gaya wa Mama a kicin. Ta nuna ni da wuƙar yanka albasa.

"In ka buɗe baki, ban haife ka ba."

"Mama, to ki gaya masa bitamin ɗin na da kyautar babur, ko zai je."

Aniello ya shaƙo wuyan rigata ya haɗa ni da firji. Ya ce, "Harshen nan naka zan cire in soya wa kare. So kake ka kashe shi?"

Lahadi muna kan tebur, taliya da miyar nama tun safe take dahuwa. Baba ya cika kofinsa da giya ya ɗaga.

Na ce, "Baba, Talata akwai asibiti."

"Ka je ka sha a madadina. Kai ne ka rame kamar tsinken sakace."

"Ba bitamin ba ne."

Mama ta ce, "Sabatino, ci abincinka."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Kansa ce, Baba. Kansar hanta. Tun na farkon."

Farantin Aniello ne ya fara isowa, ya fashe a goshina, miya da jini suka rufe mini ido ɗaya. Ya biyo farantin ta kan tebur. Muka zube ƙasa da kujeru, yana dukan bakina yana cewa ƙarya nake, ni kuma na samu kunnensa na gartsa. Mama na ta maka mini ludayi a baya, ni kaɗai, kamar Aniello ba ya wurin. Sai teburin gaba ɗaya ya tashi sama ya kife. Baba ne. Ya ɗago Aniello da gashi ya ajiye gefe kamar buhu, ya ɗago ni, ya dube ni, ya sakar mini naushi ɗaya. Na ji hancina ya yi ƙas.

Ya juya wurin Mama. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Gelsomì, gaskiya ne?"

Ta yi alamar gicciye.

"Shekara biyu. Ke da wannan," ya nuna Aniello, "da 'yan uwanki, da mai gidan kofi. Shi ya sa abokina Vicienzo ya daina yi mini gardama a wurin karta. Kowa na kallona kamar gawa, ni kaɗai ne jaki."

"Don kada ka karaya ne, Catè."

"Ni?"

Ya ɗauki gudumarsa a bayan ƙofa ya sauka ɗakin ƙasa. Muna jin manyan tulunan gilashin suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, goma sha biyu, giyar shekara guda. Warin ya hau har bene na uku. Ya fito da takalma jajur, tafin hannunsa a tsage, ya shige ɗaki ya kulle. Litinin bai fito ba. Mama ta ajiye abinci a bakin ƙofa, ta ce mini in ya mutu a ciki ni na kashe shi. Ni ma na fara tunanin haka.

Talata da hantsi ƙofar ta buɗe. Ya yi aski, ya sa rigar zuwa coci, tabarau a aljihu. Ya dubi hancina da ya zama kamar dankali.

"Hancin nan ya gyara maka fuska. Tashi mu je."

A asibiti bai tsaya layi ba. Ya tura ƙofar likitar, ƙaton nan da ya sha gwiwar hannu ya matsa can nesa.

"'Yar walda, faɗa mini sunansa da bakinki. Ba da yaren nan irin na coci da ba mai ji ba."

Ta faɗa.

"Nawa ne girmansa?"

Ta juyo masa allon, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko ruwan zai cinye shi. Ta ce wasu yana yi musu aiki sosai, wasu ba ya yi, nasa ya fara ja da baya kafin shi Baba ya gudu.

"Ban gudu ba. Ba a gaya mini faɗa ake yi ba."

Ya fita ya sami kujerarsa, ya naɗe hannun riga, ya miƙa wa nas hannun da bai tsage ba.

Yau wata bakwai ke nan bai tsallake ko ɗaya ba. Hoton watan jiya ya nuna abin bai shiga jijiyar ba. Aniello ya fara gaishe ni da ka. Mama kuwa har yanzu faranti uku take jerawa ranar Lahadi, sai Baba ya tashi da kansa ya ɗauko na huɗu ya dangwara a gabana.