Kalmar da Ke Jikin Sakatar Banɗaki

Shekarun baya, tun wayar hannu ba ta san hoto ba, na yi zama a Dubai ina aiki a wani ofishin kago a Deira. Aikina in karɓi kayan 'yan kasuwarmu na Kano, in auna, in rubuta suna a jikin kwali, in ga an loda. Sai dai kafin in bar gida na taɓa koyar da Turanci a firamare har shekara biyu, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba. Ko gaisawa muka yi da kai sai na san yadda na yi na saka maganar a ciki.

Jikin ofishinmu akwai shagon wani saurayi ɗan China mai sayar da kwaɗuna, makullai, hannun ƙofa da sakata iri-iri. Mutum ne mai fara'a, ga son koyo, amma Turancinsa bai wuce na ciniki ba. Da ya ji labarin koyarwata, sai ya roƙe ni in riƙa koya masa kalma ɗaya kullum bayan la'asar, shi kuma ya sayi shayi. Abin nema ya samu. Daga ranar ya raɗa mini Ticha, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Yana da wani ɗan ƙamus mai batir, kamar kalkuleta, wanda in ka danna kalmar Turanci zai jero maka ma'anoninta da rubutunsu. Abin nan ya dame ni ƙwarai, domin duk abin da na faɗa sai ya danna ya ce, "Ticha, ya ce akwai wata ma'anar." Rannan na gaji, na ce masa wannan na'ura ruɗa shi kawai take yi. Na kafa masa doka: kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, kuma daga bakina. Bawan Allah ya jefa ƙamus a durowa ya rufe. Gaskiyar magana, kishi nake yi da kalkuleta.

To, abokina yana da wadda yake so. 'Yar ƙasarsu ce, tana aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi a ɗaya ƙetaren ruwan da ya raba garin biyu. Ya kusa shekara yana tara ƙarfin zuciyar da zai ce yana son aurenta. Da bikin sabuwar shekararsu ya zo ta tafi gida hutu, kuma kafin ta tafi ta taɓa gaya masa cewa mahaifiyarta na ta yi mata tallan wani likita a garinsu. Wata guda ya yi ba ya cin abincin kirki. Da ya ji ta dawo sai ya kira wayarta, bai samu ba, ashe layin ya mutu tana can. Sai ya kira lambar ofis.

Ranar ya shigo mini fuska ba annuri, riƙe da littafinsa. Ya ce ya kira sau uku, kuma duk ukun matar da ke amsa waya, wata Ba'indiya, abu ɗaya take faɗa masa: "She is engaged, sir." Ya rubuta kalmar yadda ya ji ta, ya miƙo mini.

"Ticha, me wannan yake nufi?"

Ni kuma a lokacin ba a daɗe da kai kuɗin aurena a Kano ba, kalmar tana bakina, kullum sai na faɗa wa wani. Ban ko yi tunani ba. Na dafa kafaɗarsa, na sassauta murya irin ta masu ta'aziyya, na ce, "Abokina, sai haƙuri. An yi mata baiko. An ba wani." Har na nuna masa yatsan zobe don ya gane da kyau.

Ya ce, "Babu wata ma'anar?"

Na ce, "Mene ne dokarmu?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya."

Bai yi kuka a gabana ba, amma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kashe wayarsa ya ajiye. Ya ce ba zai kira ta ba, ba zai je ba, don a wajensu abin kunya ne ka tsaya a hanyar wadda aka riga aka ba wani. Cikin kwana huɗu ya shirya miƙa shagon ga wani ɗan'uwansa, ya sayi tikitin komawa gida na ranar Alhamis, kuma a wani ofishin daban ya saya. Na ji tausayinsa har raina. Ina ta yi masa wa'azin ƙaddara, ban san ni ne ƙaddarar ba.

Ranar Laraba da hantsi wani Alhaji ɗan Nijar, tsohon abokin cinikinmu, ya ce in raka shi shagon ya sayi kayan ƙofa na wani masauki da yake ginawa a garinsu. Abokina yana can ciki yana ɗaure kwalaye. Alhaji ya ɗauki wata sakatar banɗaki, irin mai ɗan tagar nan da in ka murɗa take nuna kore ko ja. Ya murɗa, ja ya fito da rubutu a jiki. Ya matso da ita kusa da idona.

"Malam, kai da ka iya anglais, mi aka rubuta nan?"

Na duba. ENGAGED. Na yi tsaye kamar an dasa ni.

Alhaji ya ce, "Ai ina tsammani occupé ne. Mu can haka muke cewa, in da mutum ciki. Ko talho in ka kira ka iske ana magana, occupé ne."

Jama'a, kun san yadda mutum yake ji in ya gama neman hularsa ya tarar tana kansa? Ni da na girma a Kano zamanin wayar tebur, ni da bakina na sha cewa "layin ya yi ingej," sau nawa ma? Kalmar nan na san ta tun ina yaro. Zumuɗin aurena ne ya rufe mini ido, ga kuma girman kai na tsohon malamin firamare. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni na ɗaura wa bawan Allah.

Na fizge sakatar daga hannun Alhaji ko izini ban nema ba, na faɗa cikin shagon ina tsallake kwalaye. Na ce, "Abokina, bar ɗaurin nan! Zo ka gani!" Na murɗa: kore. Na murɗa: ja. Na ce ya karanta. Ya karanta a hankali, ya dube ni, ya sake duban sakatar.

"Ticha, banɗaki ma ana yi masa baiko?"

Dariya ta ƙwace mini, ga kunya, ga murna, duk a lokaci guda. Na ce ya buɗe durowa ya ɗauko kalkuletarsa. Batirin ya kusa mutuwa, amma ya kawo. Ya danna kalmar, sai ga ma'anoni sun jeru. Ya bi su da yatsa yana karantawa da yarensu, yana fassara mini: wanda aka yi wa baiko, wanda ke cikin wani aiki, layin waya da ake magana a kai, wurin da wani ke ciki. Kwali sittin na kalmar nan ke cikin shagonsa, shekara biyu yana sayar da ita.

Amma har yanzu yana tsoro, ya ce in kuma ta farkon ce fa? Na ce ba ni lambar. Na kira da wayar ofishinmu, Ba'indiyar ta ɗauka, na nemi yarinyar, sai ga shi kuwa: "She is engaged, sir." Na gyara murya na ce, don Allah baiwar Allah, a waya ko a aure? Matar nan ta yi dariya har sai da na janye wayar daga kunnena. Ta ce a waya mana, tun safe zuwa yamma tikiti take sayarwa. Ta ƙara da cewa, in saboda mai kiran nan ne da ke kashewa ba sallama, a gaya masa yarinyar ta yi kwana huɗu tana neman layinsa a kashe, har ta fara rama.

Alhaji, wanda duk a gabansa aka yi, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Yalla, mi kuke jira? Ku tafi, ni ina tsaron shago."

Da gudu muka bi ta lungunan unguwar Al Ras, muna kauce wa masu turin kaya da buhunan kayan yaji, har bakin ruwa. Muka faɗa abra, kwalekwalen hayar da ke tsallakar da mutane, tana shirin tashi. Sai da muka kai tsakiyar ruwa na lura har yanzu sakatar tana hannuna, shi kuma ya fito da silifa wari da wari. Da muka isa ban shiga ba, na tsaya a waje ina leƙe ta gilashi. Ban ji kalma ɗaya a abin da suka faɗa ba, amma na ga ta jefe shi da biro, sannan ta rufe fuska tana dariya. A teburin nan nata aka kira wancan ofishin aka soke tikitin Alhamis.

Tun daga ranar na soke dokata. Ko 'ya'yana suka tambaye ni ma'anar kalma, sai na fara cewa, "A ina ka ji ta? Wa ya faɗa, yana me?" Kuma in ban sani ba na koyi cewa ban sani ba, abin da a da ya fi mini ɗaukar buhu nauyi. Har yau in na tuna saura kwana ɗaya in raba mutum biyu saboda kishi da kalkuleta, gabana sai ya faɗi.

Sakatar tana nan a ƙofar banɗakin gidana a Kano, shi ya ce in riƙe. Wata uku bayan abin, ina gida hutun aurena, waya ta yi ƙara, na ji muryarsa daga nesa cike da murna.

Ya ce, "Ticha, I am engaged." Sannan ya ƙara da 'yar Hausar da ya tsinta a bakinmu: "Ba waya. Ba banɗaki."