Takardar da Malam Haruna Yake Karɓe Mini

Shekara shida ke nan da muka binne Malam Haruna a nan Alƙahira. Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Ard al-Liwa, shi Bahaushen Sudan mai koya wa yara Alƙur'ani, ni kuwa mai shara da aike a wani gidan abinci a unguwar Mohandessin. Tun da ya tafi, ba wanda nake hira da shi da Hausa in na dawo gida.

Gidan da nake aiki ana sayar da giya, wannan na sani. Amma na gindaya wa kaina iyaka: ba na taɓa kwalba, ba na wanke kofinta. Da haka nake kwantar da zuciyata, ina aika wa iyalina abin cefane.

Duk shekara maigidana yakan ba ni wata takarda da kuɗi a ambulan, in kai ofishin hukuma. A lokacin ko alif ban sani ba, sai in kawo wa Malam ya duba. Yakan kalle ta jim, ya ninke, ya ce, "Sule, wannan ta masu karatu ce. Kai da ko lambar bas ba ka ganewa? Yalla, maza ba ni." Ya bar ɗalibansa, ya wuni a layi, ya dawo ƙafa a kumbure. In na yi godiya sai ya ce, "Khalas, ya isa, dafa mana shayi."

Bayan rasuwarsa na ci gaba da kaiwa da kaina, ban san me nake ɗauke da shi ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Kaɗaici ne ya kai ni ajin manya, inda nake koyon Larabci da boko, a hankali, ina bin harafi da yatsa. Bana, a cikin bas, na haɗa baƙaƙen takardar nan ɗaya bayan ɗaya. Ashe kuɗin sabunta lasisin sayar da giya ne. In ba a biya ba, ba kwalbar da za a buɗe a gidan.

Na daɗe ina tambayar kaina, me ya sa bai faɗa mini ba? Ya san halina. Ya san da na ji zan ajiye aikin, yarana su kwana da yunwa. Sai ya ɗauki nauyin a wuyansa, shi da ya fi ni sanin hukuncinsa. Da yana raye, ban sani ba ko zai yi murna da karatuna, ko zai ce, "Wa ya aike ka?"

Na koma na ce wa maigida ba zan kai ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, miƙa wa Baba Adam." Baba Adam dattijo ne mai wankin tukwanenmu, ba ya karatu, salla ba ta wuce shi. Ya goge hannu a riga, ya miƙo yana murmushi.

Ban ba shi ba. Na ce, "Baba, layin nan ba na tsofaffin ƙafafu ba ne. Zauna."

Na wuni a layin ni kaɗai, ina istigfari, ba wanda zan tambaya ko na yi daidai. Malam Haruna bai bar gida ba, bai bar gona ba. Tsayuwar layin nan a madadin wani ita ce abin da ya bar mini, kuma tana da nauyi. Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta mini, Ya buɗa mini wata ƙofar abinci kafin baɗi.