Waken gwaggona da ba shi da huda

Shekarun baya, a ranin farko bayan na kammala karatun aikin gona na dawo Tahoua, wata magana ta bi gari a hankali kamar ƙamshin girkin maƙwabta: wai cikin waken da ake shigowa da shi daga Najeriya akwai wanda aka sauya wa ƙwayar halitta, har ƙwaro ba ya kusantarsa. Ban san wanda ya fara faɗa ba, ba kuma zan ɗora wa kowa ba. Abin da na gani da idona shi ne mata a kasuwa suna tsoma hannu cikin buhu, suna neman wake mai huda. Wanda ƙwaro ya ci, in ji su, mutum ma zai iya ci.

Gwaggona ƙosai take soyawa a bakin tasha, da shi take riƙe da gidanta tun rasuwar mijinta. Wakenta fari ne tas, babu huda ko ɗaya. Wata maƙwabciya ta gan shi a tabarma, ta faɗa wa wata, masu saye suka fara wucewa suna gaishe ta daga nesa. Sai gwaggo ta aika aka kira ni, ta ce tunda ni na yi lakkwal, wato makarantar boko, in zo in tsaya bakin kasko in gaya wa mutane ba irin wancan waken ba ne.

Na gyara zama na yi mata bayani. Na ce ido ba ya bambancewa, sai an gwada. Na ce iyakar abin da na karanta, tsutsar da ke cin wake a gona aka yi wancan irin dominta, ba ƙwaron ajiya ba, don haka huda ba ta tabbatar da komai. Na ce ban ga hujjar cutarwarsa ba, amma ba zan yi shaida a kan buhun da ban san asalinsa ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To ɗana, mi ka sani ke nan?"

Na daɗe ina tsara tambayoyina kafin abokina ya ɗauke ni a babur zuwa wani ƙauye a yankin Kalfu, wurin dangin mijinta da ke aiko mata da waken. Tafiyar nan har yau kamar a mafarki na yi ta: jajayen duwatsun Adar, gonaki shiru, rumbunan ƙasa zaune kamar manyan tukwane da aka manta a rana. Wanda ke noma waken ya ce irin mahaifiyarsa ne, shi suke shukawa tun yana yaro. A bido, wato jarka, yake zubawa ya toshe baki sosai, ƙwaro ya rasa iska. Ya buɗe ɗaya ya tsiyaya mini a hannu, na ji shi da sanyi kamar ruwan randa.

Na dawo da jawabina a shirye, kowace kalma na auna ta. Sai na tarar da layi a bakin kasko. Gefen gwaggo ga ƙwarya cike da wake, duk huda, ƙwari na yawo a kai, mata suna leƙawa suna gyaɗa kai. Ashe tun ranar da muka yi magana ta ɗibi wakenta ta ajiye a buɗe kusa da wani tsohon buhu mai ƙwari.

Na tambaye ta a hankali ko wani waken ta sauya.

"Shi ne dai," in ji ta, tana juya ƙosai. "Ɗana ya ƙi yi mini shaida, na samu waɗanda sunka yarda."

Na daɗe ina juya abin, ina neman inda ta yi ƙarya, ban samu ba. Ban kuma samu inda ni na yi kuskure ba. Abin da na fahimta daga baya shi ne, mutanen nan ba gardamar ilimi suke yi ba. So suke su san abin da za su ba 'ya'yansu, ba a rubuta musu a buhu ba, ba a tambaye su ba, sai suka riƙe alamar da idonsu ke iya gani, ko da ba ta da tushe.

Jawabin nan ban taɓa gabatar da shi ba. A ranar dai ta miƙo mini ƙosai mai zafi a takarda, na ci a tsaye, a bayan layi.