Faifan da Na Goge da Turare

Da na ga tsumman ya yi baƙi a hannuna na san na yi ɓarna. Inda na goge ya yi danƙo, layukan da allura ke bi sun narke kamar alewa.

Shagon tsofaffin fayafayan garmaho ne a unguwar Brickfields, can ƙasar waje. Watana huɗu a ƙasar, ina zaune wurin Yayana mai karatun digiri na uku. Mai shagon, wani dattijo mai sanƙo, shi ya roƙi Yaya in riƙa zuwa ina fassara masa waƙoƙin Hausa da kamfanonin Turawa suka naɗa tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Daga fassara sai ga tsintsiya da tsumma. Ranar nan ƙura ta ƙi fita daga wani faifai, na fesa masa turarena. Wa ya taɓa gaya min turare na cin faifai?

Wannan faifan kuwa shi ne ɗan lelensa. Da safar hannu yake ɗaukarsa, ya lumshe ido, ya ce waƙar ibada ce. Ibadar me? Mai kukuma ne kawai yake mita an kulle su a ɗaki mai zafi, an ce su yi ta ihu cikin ƙahon naɗar murya, Baturen kamfanin ko ruwa bai ba su ba. Kamfanin ya zana tambarinsa da ruwan zinare, sunan mawaƙin ko oho. Na faɗa masa tun satin farko, ya ce ban iya Hausar dā ba. Ni!

Da ya ga ɓarnar, sai ya murɗa makullin ƙofa ya ce 'yan sanda zai kira. Bizata ba ta aiki ba ce. Idan suka zo, tsare ni za a yi a mayar gida, karatun Yaya ma ya shiga uku. Na kira Yaya, na tsuguna bayan kwalaye. Har yau ƙarar makulli na faɗar min da gaba.

Bayan la'asar Yaya ya iso, aka buɗe masa. Ya dubi tsintsiyar, ya dubi dattijon.

"Kira su mana, Uncle. Sai ka fara yi musu bayanin wanda ya sa ta aiki ba takarda."

"Ba sai an kai can ba," in ji dattijon, har da gyara min kujera, mutumin da ya gama cika baki.

A bakin titi Yaya ya ce, "Goge fuskarki, Auta. Ya fi ki tsoronsu. Ba wanda zai taɓa ki."