Jaririn Roba na 'Yar Waya

Kunyar da 'Yar Waya ta sha a cikin bas, har yau ba a daina labarinta a layinmu ba. Ta shiga rungume da jariri a cikin tawul, wani dattijo ya tashi ya ba ta kujera. Direba na faɗawa rami sai wani abu ya hau ƙara a cikin tawul ɗin. Bakinta ya suɓuce ta ce, "Ya daina numfashi kuma." Matar da ke gefenta ta fizge jaririn da salati, ta yaye tawul za ta hura masa iska, sai ga 'yartsanar roba mai ido ɗaya, wayoyi na leƙowa ta hammata. Dattijon nan kujerarsa kawai ya karɓa.

'Yar mai gyaran fanka ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tun tana ƙarama babu rediyon da ya fita lafiya daga hannunta, shi ya sa sunan ya bi ta. Ta gama digiri, muka ce to sai aiki, ashe komawa za ta yi, wai digiri na biyu kan ƙera kayan asibitin yara. Abin da take haɗawa wata siririyar ɗamara ce da za a ɗaura wa bakwaini, in numfashinsa ya tsaya ta yi ƙara a zo a taɓa shi. Don gwaji ta cusa wa 'yartsanar balan-balan da ɗan famfo, ƙirjin yana hawa yana sauka.

A jikin roba ɗamarar tana jin magana, in ba a jijjiga ta ba. Amma da ta ɗaura wa jaririn yayarta, yaro ƙosasshe yana barcinsa, sai ta ɓarke da ihu. Ga shi ranar Alhamis malamanta za su gani da idonsu. In ta yi musu wannan ƙaryar, shekara biyu ta tafi a banza.

Kwana huɗu ba ta san zama ba. Daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa shagon tela a bakin layi. Ta kwance, ta ɗaure, ta ƙona yatsa da dalma, shayi ya huce sau uku a gabanta. Tela, wanda ya ɗinka mata ɗamarar har sau goma sha ɗaya, shi ya fi kowa jin daɗi.

"Mai jego, yaya ɗan namu? An samo ɗaya idon?"

Ko kallo bai ishe ta ba.

Ranar Laraba da hantsi ta sake gwadawa, abin ya sake ihu, yaron ya farka ya taya shi. Ummanta tana wanki, ta yarfe hannu ta matso.

"Ke, wa ya ce miki jariri da ƙirji yake numfashi? Dubi tumbinsa."

Ta ja ɗamarar ƙasa, saitin cibiya. Shiru. 'Yar koriyar fitilar da ke jikin ɗamarar ta shiga bin cikin yaron, sama, ƙasa. 'Yar Waya ta dafe kai. Ta karanta wannan tun a ajin farko, amma da ta zo haɗa 'yartsana sai ta sa balan-balan ɗin a inda nata numfashin yake.

Ranar Alhamis ta dawo da la'asar, karo na farko a makon nan tana tafiya irin ta mutane. Malamai sun amince. Labarin cibiya kuwa ya riga ta isa shagon tela.

"Shekara biyu kina fama da littattafai, ashe Umma ce injiniyar. A kai mata takardar mana."

Ta tsaya, ta gyara wa ɗan robarta tawul.

"Za a kai mata, Kawu. Kai fa? 'Ya'yanka bakwai, sau goma sha ɗaya kana auna min ƙirjin ɗan roba da tef. Ko ɗaya ba ka taɓa riƙewa ba ne?"