Kabad ɗin da Baba Kafinta Ya Huda

Shekara arba'in Baba Kafinta yana aikin katako, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: in ya haɗa katako biyu, ko iska ba ta samun hanyar wucewa. Duk wanda ya zo karɓar kaya sai ya tsaya ya ga gwaji. Baba zai ɗauko takarda ya yi ta cusa ta a mahaɗa, ta ƙi shiga, sannan ya ɗago ya dube ka kamar mai jiran tafi. Matarsa, Inna, takan ce da yana rufe bakinsa yadda yake rufe kabad, da unguwa ta huta.

Abin da ya gagare shi shi ne ɗansa Auta. Tun da ya kama aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, Auta ya zama baƙo a gidansu. Ya dawo, ya gaishe su a tsaye, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Abin yana cin Baba a rai, ya rasa ta inda zai kama.

Ran nan sai ya ji shi a waya yana ta zuba kan wata sabuwar na'urar wasan bidiyo da za ta fito wata mai zuwa, wai har ya sa sunansa cikin masu jira.

"A ina za ka ajiye ta?" in ji Baba.

"A ɗakina mana."

"Da wannan talabijin taka da ba ta fi faranti ba?"

Ya sa Auta ya karanto masa tsawon na'urar da faɗinta, ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta a tafin hannu. Lissafinsa shi ne, in na'urar ta samu mazauni a falo ƙarƙashin babbar talabijin, dole mai ita ya zauna a falo.

Mako biyu masu kujeru da gadaje suna sintiri a shagonsa, yana ba su haƙuri, ya duƙufa kan haɗa wa na'urar kabad. Ranar da aka shigo da kabad ɗin, har Inna sai da ta riƙe baki. Ga ƙofar gilashi, ga kwaɗo, ga fenti yana sheƙi. Baba ya kira Auta, ya yi masa gwajin takarda.

"Ko ƙura ba ta isa ta shiga ba," ya ce.

Auta ya leƙa ciki, ya shafa baya, ya sosa ƙeya. "Baba, ya yi kyau wallahi. Amma a nan mutuwa za ta yi. Zafi take ɗauka, dole ta sha iska. Sai an huda baya da gefe."

"A huda? Aikin nawa?"

"In ba haka ba sai dai in kai ta ɗaki."

Inna ta faɗa kicin da dariyarta. Baba kuwa ranar ko abincin kirki bai ci ba.

Da safiyar Asabar ya zo da injin huda, ya durƙusa gaban kabad ɗin, ya daɗe yana kallonsa kamar mai shirin yanka akuyar da ya kiwata. Can ya ƙwala kira.

"Auta! Zo ka nuna min ta inda take numfashin."

Auta ya zauna a ƙasa, ya karɓi fensir yana ɗiga alama, yana riƙe katako uban yana hudawa. Suka yi gardama kan faɗin rami. Daga nan hira ta zarce kan shugabar ɗakin gwajinsu mai faɗa, da wata abokiyar aiki da sunanta ya fito sau uku ba a tambaya ba. Har la'asar suna nan.

Da Auta ya tashi wanke hannu, Inna ta leƙo ta ƙirga.

"Malam, tun safe rami biyu kawai? Ba sha biyu ya ce ba?"

Baba ya hure garin katako daga yatsunsa, ya rage murya.

"Ke, yi shiru. Na'urar ai sai wata mai zuwa. Biyu-biyu zan dinga yi."