Saƙon da Ba a Rubuta Sunan Mai Shi Ba

Akwai ranar da ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ita kam ba zai iya ɗauka ba. Damina ce, shekara ta biyu da sojoji suka miƙa mulki. Ruwan Legas kuwa ba ya sallama, sai ya kwana ya wuni yana zuba, kwatocin Agege su cika su tumbatsa, mu jera bulo muna takawa kafin mu kai bakin titi. Shekarar ba ta yi mana daɗi ba. An ce an samu 'yanci, amma mu Hausawan Kudu da ido ɗaya muke barci. Yau a ce an yi rikici wajen Mile 12, gobe a ce an tare danfo, motar hayar Legas, ana tambayar kowa garinsu. Idan naka ya fita da safe, ba ka da natsuwa sai ka ji takunsa a bakin ƙofa.

Ɗana na fari mahauci ne a mayankar Oko-Oba, lokacin yana da shekara ashirin da bakwai. Kullum da asuba zai fita da wuƙaƙensa naɗe cikin buhu. Ku duba mini, Bahaushe da wuƙaƙe a jaka, a irin wannan shekara. Wa zai tsaya ya ji cewa sana'arsa ce? Shi ya sa da wani dattijo abokin mahaifinsa ya samo masa aiki a wani shagon nama a Jidda, da takardu na gaskiya, ban ce a'a ba. Ban kuma ce i ba. Ni dai na yi shiru, don ba a tambayar uwa a kan ɗan fari.

Sai na ɗan yi wa yaran yanzu bayani. A yadda aka raine mu, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. A hannun mahaifiyata ya tashi, har ya girma Yaya yake ce mini. Ni kuma idan zan kira shi sai in ce "kai", ko in ce da ƙannensa "ku gaya wa wancan". Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakina ba.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, saboda haka maganar tafiyar ta zama ta kowa. Wasu suna cewa ya dace, zai yi arziki, zai riƙa zuwa Umra kamar mai zuwa Oshodi, zai huta da fargabar Legas. Suna ba da misalin wani da ya je shekara huɗu ya dawo ya gina wa uwarsa gida a Arewa. Wasu kuma suna cewa ƙasar mutane ƙasar mutane ce, ga wane an kamo shi an dawo da shi daga shi sai rigar jikinsa, ga wance ta tafi shekara tara ko wasiƙa babu. Ina tankaɗe ina jinsu. Duk wanda ya yi magana sai in ga shi ne mai gaskiya.

Da labari ya bazu sai saƙonni suka fara zuwa. Wannan kuwa kowa ya sani, Bahaushe ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ɗauki kayan rabin unguwa. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, turmin atamfa, wasiƙu, har da kaset da wata ta ɗauki muryarta tana yi wa ɗanta faɗa. Kowanne an ɗinke shi cikin ƙyalle ko an ɗaure da leda. Ba a cewa ba za a karɓa ba, ba a kuma buɗewa. Saƙo amana ne. Wanda ya buɗe saƙon wani, daidai yake da wanda ya leƙa ɗakin surukarsa.

Cikin masu kawowa har da wata Hajiya, tsohuwa mai sayar da masa a bakin layinmu. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku a Legas, ita ta yi mini wankan jego. Tsakaninta da ɗan nawa wasan jika da kaka ne. Ta shigo da ƙunshi a hannu tana cewa, "Ina angon nawa? Wato za ka gudu ka bar ni, ka je ka auro Balarabiya."

Ya ce, "Hajiya, ai ke kika ƙi ni. Shekara nawa ina cin masarki kina hana ni gyara?"

"Ja'iri. Ungo wannan, ka kai mini. Kada ka sa shi ƙasan kaya ya lotse."

Ya karɓa da hannu biyu ya jefa cikin jaka, ko dubawa bai yi ba.

A lokacin ina shekara ta biyu a makarantar yaƙi da jahilci, kuma duk wanda ya koyi karatu da girma ya san ciwon: ba ka iya ganin rubutu ka wuce. Kwalin sabulu, bayan danfo, takardar da aka ƙunso ƙosai, duk sai na tsaya na haɗa baƙaƙen. Saura kwana uku tafiya, da hantsi, kowa ya fita, ruwa ya fara ɗiga ta rufin ɗakin samari daidai kan jakar. Na shiga don in janye ta. Tana buɗe, sai idona ya faɗa kan rubuce-rubucen, na tsuguna ina karantawa ɗaya bayan ɗaya don jin daɗina kawai. Kowane ƙunshi da sunan wanda za a ba, wani har da unguwarsa da sunan mai gidan da yake zaune. Da na zo kan na Hajiya sai na ga kalma ɗaya tak da manyan baƙaƙe: YAJI.

Na juya shi, na sake juyawa. Babu suna. Mu ba ma rubuta abin da ke cikin saƙo, sunan mai shi muke rubutawa. Wanda ya rubuta "yaji" ba da ɗan aike yake magana ba, da mai binciken kaya yake. Ban da haka, Hajiya ba ta iya rubutu ba. Na ɗaga ƙunshin, gwangwanayen madara ne guda uku aka ɗinke cikin farin ƙyalle. Ƙamshin yaji kam har ya yi yawa, kamar an shafe ƙyallen da shi. Na girgiza a kunnena. Na yi shekara talatin ina daka yaji, na san yadda yake motsi a gwangwani. Wannan bai motsa ba.

Na yafa mayafi na taka bulo zuwa wurin Hajiya. Na same ta tana juya masa a tanda. Bayan mun gaisa na ce, "Hajiya, saƙon nan naki, na ga ba a sa suna ba. Wa za a ba?"

Ta ce, "Ai ba nawa ba ne, 'yar nan. Wani bawan Allah ne da ke zuwa cin masa, mai kirki, kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce tsohuwarsa na can, ba ta iya cin abinci sai da yajin gida."

"Ɗan ina ne?"

"Oho. Ya dai ce wajen Ebute Metta yake."

"To yaya za a gane tsohuwar?"

"Ya ce kada a wahalar da yaro, za a tare shi a filin jirgi. Na ma ba shi ɗan hoton nan da angona ya ba ni, na fasfo, don su gane shi."

Ban san yadda na dawo gida ba. Na tuna dai na taka cikin kwata har idon sawu ban ji ba. A makarantarmu an taɓa zancen irin wannan, matan da suka je aikin Hajji suna faɗin abin da ake yi a can wa wanda aka kama da ƙwaya. Ba ɗauri ba ne. Takobi ne.

Da maigidana ya dawo daga rumfar goronsa cin abincin rana, na gaya masa a hankali. Ya ajiye cokali ya dube ni. "Yanzu ke saƙon Hajiya kike zargi? Matar da ta yi miki abin da uwa take yi? In kika buɗe kika tarar da yaji, da wane ido za ki dube ta? Karatun nan naku ya fara sa ku ganin abin da babu." Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma ban ga laifinsa ba, haka aka raine shi. Ya yi alwala ya tafi masallaci.

Na zauna bakin gado ni kaɗai, ruwa na dukan kwano. Ni ba mai musu ba ce, ban taɓa tsallake maganarsa ba. Na ce a raina, in yaji ne, na zubar da mutuncina a unguwar nan har in mutu, za a ce ga wadda take buɗe amanar mutane. In kuma ba yaji ba ne fa? Sai na ga wuyan yaron nan, yadda yake sunkuyar da kai idan zai wuce ta gabana. Na tashi na ɗauko reza.

Na farke ɗinkin. Na sa bakin cokali na ɓalle murfin farko. Yaji ne, ja wur. Na ji kunya ta rufe ni, har na fara neman allura in mayar. Sai dai na ce bari in tura cokalin ƙasa. Bai shiga ba ko rabin yatsa. Na juye a faranti. Wasu ƙulle-ƙulle suka zubo, kowanne kamar ɗan dabino, an naɗe da leda tam-tam, an danna su sun cika gwangwanin. Na yanka ɗaya. Farin gari ne.

Daidai nan na ji muryarsa a tsakar gida, ya dawo daga mayanka yana wanke ƙafa a bakin famfo, yana tsokanar matar maƙwabcinmu da Yarabanci. Ban yi shawara da kaina ba. Sai kawai na ji bakina ya kira sunansa, da ƙarfi, sunan da na shekara ashirin da bakwai ina riƙe da shi a ciki. Tsakar gidan ta yi tsit. Ya shigo a guje ƙafa ɗaya da takalmi, don ya san ba lafiya ba.

"Yaya, me ya faru?"

Na nuna masa farantin. Ya tsuguna ya duba. Mutumin da yake kayar da bijimi, sai na ga ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce a hankali, "Da an kama ni a can, sai in ce musu ban sani ba." Ya sake cewa, "Wa zai yarda?"

Mahaifinsa ya dawo ya gani. Hularsa kawai ya cire ya riƙe. Aka kira Hajiya. Da ta fahimci abin da ta ɗauko da hannunta ta miƙa wa yaron da take kira ango, sai ta faɗi zaune a bakin ƙofa tana cewa, "Ni zan kashe shi. Da hannuna." Ni na riƙa ba ta haƙuri. Ita ma ai amanar ta riƙe, an ba ta ba ta buɗe ba.

Maigidana da mai unguwa da liman suka kai kayan ga hukuma. Suka daɗe ana yi musu tambayoyi, muna zaune muna jira, duk mashin ɗin da ya tsaya a layi sai gabana ya faɗi, ina cewa ko mai kayan ne ya ji labari. Sai bayan magariba suka dawo. Mutumin kuwa ba a sake ganinsa a wurin masa ba. Amma hoton yaron yana hannun masu kayan, saboda haka aka ɗaga tafiyar, aka sauya ranar ba tare da an gaya wa kowa ba.

Ya tafi daga baya, ya yi shekara shida. Ba zan ce bai samu alheri ba. Ya kai ni na ga Ka'aba da idona, ya dawo ya buɗe shagonsa. Ya kuma dawo da furfura tun bai isa ba, ya ce shekara shida bai taɓa taka waje ba tare da ya shafa aljihu ya ji takardarsa ba, kuma ranar da kakarsa da ta raine shi ta rasu, a waya ya ji. Duk wanda ya tambaye ni ko ya bar nasa ya tafi, ba na ce masa i ko a'a. Abin da nake cewa shi ne, a gida halinka yana yi maka shaida, akwai wanda zai tashi ya ce mun san gidansu. A ƙasar wani babu wanda ya san uwarka. Abin da aka samu a jakarka shi ne kai. Kuma riƙon amana ba rufe ido ba ne, wanda ya ba ka abin da ba ya so ka gani, ba amana ya ba ka ba.

Washegarin ranar da na buɗe gwangwanin nan, da na idar da sallar asuba, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na juye jakar gaba ɗaya. Na aika aka kira duk wanda ya kawo saƙo. Na ce kowa ya buɗe nasa a gabana, ko ya ɗauki abinsa. Wasu suka buɗe suna dariya, mace biyu suka ɗauke nasu cikin fushi, ɗaya har ta ce ashe shiru-shirun nawa na munafunci ne. Na sa cokali cikin kowace kuka da kowace daddawa har ƙasa, na sa aka kunna kaset ɗin nan muka ji faɗan da uwa ke yi wa ɗanta daga farko har ƙarshe. Sannan na zare allura, na ɗinke kowane ƙunshi da hannuna, na rubuta sunan mai shi a kai.